Sunan da Za a Buga a Bayan Riga

Akwai wata ranar Litinin a watan Oktoban 1998 da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma tunda yau kun cika min ofis da musun ƙwallo, ku zauna in ba ku labarinta. Tun yanzu in gaya muku, ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, ko launin rigarta ba za ku ji a bakina ba. Na san ku sarai. Ina faɗa rabinku za su ce ai dama, rabi su ce ƙarya ne, a watsar da labarina a koma cacar baki. 'Yan wasan ma da sunayen da muka laƙaba musu zan kira su.

Lokacin ina da shekara ashirin da shida, watana takwas da zuwa Guangzhou. Ba irin garin da kuka tarar ba ne, da za ka fito unguwar Xiaobei ka ji Hausa ta ko'ina. A wancan zamanin in ka hango baƙin mutum a tsallaken titi, tsallakawa kake ku gaisa ko ba ka san shi ba. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a hawa na shida na wani bene da ke bakin titin Huanshi Lu, ba lifta, tebur biyu, waya, na'urar faks, sai wata tsohuwar talabijin da bidiyonta. Mai ofishin, Alhaji Garba, ɗan kasuwar Kwari ne, yana zaune a Kano. Yakan leƙo sau biyu ko uku a shekara, musamman lokacin baje koli a Liuhua Lu, sauran lokaci kuwa umarni ta faks yake zuwa.

Mu biyu ne ma'aikata. Babbanmu Baba Seidu, mutumin zangon Kumasi, dattijo mai furfura a gemu, shekararsa huɗu a garin. Shi ke hulɗa da masana'antu, shi ke duba kaya, shi ke tsayawa a kan lodin kwantena, kuma yana jin yaren mutanen gwargwadon abin da zai yi ciniki ya yi faɗa. Ni kuma muƙamina mai odar kayan wasanni. Sunan ya fi aikin girma, don aikin guda ne: in faɗi sunan ɗan wasan da za a buga a bayan riga.

Yadda na samu wannan aiki shi ne, shekara biyar ina ninke atamfa a shagon Alhaji, da yamma kuma in koma majalisarmu ta Fagge in hana kowa magana da zancen ƙwallon Ingila. Har sunana Habibu ya ɓace, sai Koci. Da Alhaji ya lura yara sun fara neman rigar ƙwallo mai suna da lamba a baya, sai ya ce to ga inda surutuna zai yi rana. Ya yi min fasfo, ya yi min biza, ya kuma faɗa min sharaɗinsa ba ɓoye-ɓoye. Bizata za ta ƙare a watan Fabrairu. In rigunan ƙaramar Sallah suka shiga, zai sabunta min in ci gaba da zama. In suka yi kwantai, in dawo Kwari in ɗora ninki daga inda na tsaya. Ni kuwa ranar da zan taho, mota biyu 'yan majalisa suka cika suka raka ni filin jirgi, ana ta Koci ya tafi China. Ku auna da kanku yadda dawowata za ta kasance.

Bari in bayyana muku wahalar aikin, don ku yanzu jirgin sama ya sangarta ku. Ka ba da oda, masana'anta ta ɗinka rigar babu komai a bayanta, sannan a buga suna da lamba da tawada wadda ba ta gogewa. A duba, a ninke, a zuba a kwali, a yi lodi. Jirgin ruwa ya kwashi makonni kafin ya kai Kwatano, a yi fama da fitar da kaya, mota ta ɗauko ta Maraɗi ta shigo Kano. In komai ya tafi daidai, wata biyu da rabi ke nan. Wato sunan da ka zaɓa a Oktoba, a Janairu za a sayar da shi. Yaron Kano kuwa ba ruwansa da wanda ya yi tashe a Oktoba, wanda ya ci ƙwallo ranar Asabar da ta wuce yake so. Odar wannan shekarar riga dubu goma sha biyu ce, duk ta ƙungiya ɗaya, wadda ni ma nake mutuwar so.

Wasannin kuma a kaset muke ganinsu. Akwai wani ma'aikacin otal a kusa da mu da ke naɗar mana daga wata tashar Hong Kong, ya kawo ranar Lahadi. Bayan azahar sai mu dafa shayi, mu rage murya tunda ba jin mai sharhin muke ba, mu zauna. A wannan kakar akwai ɗan gaban da muke kira Guduma, wani ƙato mai faɗin ƙirji, in aka bugo masa ƙwallo ta sama sai dai gola ya je ya ɗauko a raga. Tun farkon kaka kusan kowane mako sai ya ci. Ni a wajena magana ta ƙare tun kafin a fara ta.

Baba Seidu kuwa yana da wani irin kallo da ke ba ni haushi. In aka ci ƙwallo ina tsalle, shi ko motsi ba ya yi. Amma da an nuno benci, ko an ɗaga allon canji, sai ya ce in mayar masa baya. Ya taɓa gaya min ya yi gola a wata ƙungiyar zango yana saurayi, daga baya ma ya horar da ita wasu shekaru. Na ce to, a raina kuma na ce ƙwallon bayan kasuwa ne za a kawo min a gaban babbar gasar Ingila.

Lahadin da ta rage kwana uku in sa hannu a oda, ya ce in zauna zai nuna min wani abu. Ya sa na jera kaset uku na makonnin baya. A kowanne Guduma ya ci, amma a kowanne kocin ya cire shi ana saura kusan rabin awa a tashi. Ya ce in bar kallon ƙwallon in kalli mutumin. Sai na ga in ƙwallo ta kuɓuce masa ba ya bin ta kamar da, tsayawa yake ya riƙe ƙugu. A kaset na uku, da ya zauna a benci, an ɗan hasko wani yana ɗaura masa ƙanƙara a bayan cinya. Sau huɗu na kalli wannan wasan ban taɓa ganin ƙanƙarar ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ƙungiyar tana buga gasar Turai a tsakiyar mako, ga kofin gida, ga watan Disamba na tafe lokacin da Ingila ke jera wasanni ba hutu. Kocin da ya sayo wasu 'yan gaba biyu ya ajiye a benci bai saye su don ado ba. Kuma salon wasan ma yana canzawa: a farkon kaka 'yan gaba biyu ake sawa ana ta cillo musu ƙwallo daga gefe, yanzu kuwa kocin ya fara cika tsakiya da mutum biyar ana wasa a ƙasa, irin wasan da bai dace da ƙato mai jiran ƙwallon sama ba. Shawararsa ita ce kar mu zuba kayan duka a kan mutum ɗaya. A buga kaɗan da sunan Guduma, sauran a tura su ba komai a baya, a sayi haruffa da lambobi daban, irin waɗanda ake mannawa da zafi, a haɗa da ƙaramin injin dannawa. In kaya sun isa Kano, duk wanda ke tashe a lokacin a danna sunansa.

Na ƙi ƙememe. Na ce yaran Kano ba sa son harafin manni, ɓarewa yake a wanki. Na ce Guduma ko da ƙafa ɗaya ya fi waɗancan 'yan bencin su biyu a haɗe. Na kawo hujjoji har bakina ya bushe. Amma tunda yau gaskiya nake faɗa muku, ba wannan ne dalilina ba. Tsoro ne. Na lissafa cewa in har a Kano za a riƙa zaɓar suna, to mene ne amfanin Koci a Guangzhou? Shawarar Baba ta fi tawa, na gane hakan tun a zaune, kuma saboda ta fi tawa ɗin ne na ƙi ta.

Na tura wa Alhaji faks na ce Guduma, duka dubu goma sha biyun. Amsarsa layi ɗaya ce, wai ai ni ne Koci. Ranar Laraba Baba Seidu ya raka ni masana'antar Madam Lin a bayan gari, wata 'yar gajeruwar mata mai kaifin murya da suka daɗe suna hulɗa. Shi ya yi min tafinta, shi ya miƙo min biro. Aka ce ɗinki ya kusa ƙarewa, ranar Litinin za a fara buga suna.

Lahadi ta zagayo, kaset ya zo. Ba a yi minti ashirin da take wasa ba Guduma ya zabura zai bi wata ƙwallo, sai kawai ya tsaya cak ya dafe bayan cinya, ya zauna a ƙasa. Babu wanda ya taɓa shi. Aka shigo da gadon ɗaukar mai rauni aka fita da shi yana rufe fuska. Wallahi sai na ji kamar ni aka ɗauka. Kofin shayi na hannuna har ya huce ban sani ba. Aka sako wani dogon yaro daga benci, wanda muke kira Siriri, kafin a tashi ya zura biyu.

Ana busa tashi na miƙe na ce shi ke nan, gobe da sassafe za mu je a canza, a buga Siriri duka. Baba Seidu ya dube ni, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, ranar Laraba ka auri ɗaya, yau ka sake shi, gobe za ka auri wani don ka gan shi sau ɗaya ya yi kwalliya. Kuskuren jiya ne ka canza masa suna."

Na koma na zauna, na ce to Baba yaya za a yi. Ya ce abin da ya faɗa makon jiya bai ruɓe ba, yana nan.

Ƙa'idar ofis ita ce ba a taɓa odar da aka sa wa hannu sai da izinin Alhaji. Tsakaninmu da Kano awa bakwai ne, la'asar ɗinmu hantsinsu, don haka na hau kiran wayar gidansa. Layin Najeriya a lokacin sai ka yi ta juyawa kamar mai neman tashar rediyo. Da ƙyar ya shiga. Na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe na yi kuskure, mutumin da na zaɓa ya ji rauni, kuma da alama ba ƙarami ba ne. Sannan ya tambaya ko an fara bugawa, na ce sai gobe. Ya ce to mene ne mafita. A nan ne na yi abin da ya fi kuskuren farko muni. Na ce, "Na yi tunanin wata dabara," na kwashe maganar haruffa da inji na zayyana masa tiryan-tiryan kamar a kaina ta tsiro. Baba Seidu na zaune a gabana, tazararmu bai fi taku biyu ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da wanke kofunan shayi. Alhaji ya ce madalla, mu hanzarta.

To ga ranar Litinin ɗin. Muna idar da asuba muka tari tasi. Muka isa masana'antar ana buɗe ƙofa, ina ta murna mun riga su. Muna shiga ɗakin bugawa na ja na tsaya. Riguna ne rataye a igiya layi-layi tun daga ƙofa har bango, kowacce da sunan Guduma da lambarsa ɓaro-ɓaro, tawada na ƙamshi. Ashe sun gama wani aikin da wuri, sai Madam Lin ta ce bari ta kyauta mana, suka fara tun ranar Asabar. Dubu huɗu sun riga sun sha tawada, ga ma'aikata sun jera wasu a kan tebur za su ci gaba.

Na ruga wajenta ina ɗaga hannu ina cewa a tsaya, da Hausa da Turanci da duk abin da ya zo bakina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Meyo." Kun san kalmar, babu ke nan, kuma in ta fito daga bakin mai masana'anta ba ta da ɗaukaka ƙara. Ta ɗauko takardar oda ta nuna min sa hannuna da yatsa. Ma'aikatanta da yawan abin da suka buga ake sallamarsu, ta riga ta haɗa tawada, ta yanka allon suna, wane ni in zo da safe in ce a tsaya. Ina tsaye a gabanta aka buga wasu guda biyar, ina ƙirgawa da ido, gumi na karyo min.

Baba Seidu ya ja ni gefe ya ce in rufe bakina in je in tsaya a bakin ƙofa. Ya ce mata lawban, wato shugaba, ko za a samu shayi. Suka shiga ɗan ofishinta suka zauna. Ta tagar gilashi nake hango su. Wallahi minti goma na farko ba maganar riga suke ba, hoton ɗanta da ke makaranta ta ɗauko tana nuna masa, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ba abin da ke ƙonewa. Ni kuwa kowane bugu na ɗakin can a ƙirjina yake sauka. Daga baya ya gaya min abin da ya ce mata. Bai ce ta yi laifi ba, bai ce in an ci gaba ba za mu karɓa ba. Cewa ya yi yaron nan sabo ne, in kayan suka lalace mai gidansa zai mayar da shi gida, kuma haruffan da lambobin da muke so a wajenta za mu yi odarsu, ma'aikatanta ba za su zauna hannu rabbana ba. Madam Lin ta kurɓi shayi, sannan ta leƙa ta taga ta daka wata tsawa. Ɗakin bugawa ya yi tsit. Na yi mata shiye-shiye, wato na gode, ya fi sau ashirin, har ta fara dariya. Tun daga ranar take kirana ƙaramin lawban, kuma ba don girmamawa ba.

Sauran makon ya fi kowane mako daɗi a aikina, duk da hankalina bai kwanta ba. Muka shiga kasuwannin Liwan muka samo injin dannawa, muka hau da shi hawa shida muna haki. Riga biyu muka ƙona kafin mu gane zafin da yake so. Ta uku ta yi kyau, Baba ya ce tunda ni na ce harafin manni ɓarewa yake, ni zan gwada. Ya ba ni bokiti da sabulu, na wanke rigar nan sau goma ina shanyawa a taga, harafi ko gezau. Sai maganar waɗanne haruffa za a saya da yawa. A nan ne surutun Fagge ya yi amfani. Na zauna na rubuta sunan kowane ɗan wasa na ƙungiyar da ka, da lambarsa, tun daga gola har yaran da ba su taɓa shiga fili ba. Muka bi sunayen muna fitar da harafin da ya fi maimaituwa. Baba ya ce kar in tsallake kowa, ko wanda nake ganin ɗaukar jaka kawai yake yi. Na rubuta yadda ake aiki da injin da Hausa, muka liƙa a jikinsa. A farkon Nuwamba aka rufe kwantena.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan ne ya koya min ƙwallo. A ƙarshen Nuwamba Guduma ya dawo, ya shigo daga benci ya ci ɗaya da ka. Na yi tsalle na ce Baba ka gani ko, da mun bar odar yadda take. Wasa biyu bayan nan cinyar ta sake tashi. Siriri kuwa, wanda na so in zuba masa odar duka, tun biyun nan ƙafarsa ta bushe, sai ɓarar da ƙwallo a gaban raga, har kocin ya gaji ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Wanda ya tashi wani gajeren ɗan tsakiya ne da muke kira Tela, saboda yadda yake zura ƙwallo tsakanin 'yan baya kamar zare a allura. Da 'yan gaba suka ƙare wa kocin, sai ya matso da shi gaba, ya tsaya a bayan ɗan gaba ɗaya tilo, 'yan tsakiya huɗu na rufa masa baya. Cikin wasannin Disamba da ake jerawa, lokacin da manyan suka gaji, shi ne ya riƙe ƙungiyar, ya ci ya kuma bayar a ci. A Oktoba ko a mafarki ba zan ce a buga sunansa a riga ɗari ba. Amma haruffansa na cikin kwali a tsakiyar teku.

Kaya suka shiga Kano azumi ya yi nisa. Alhaji ya kafa injin a bakin shago, ya sa wani ƙaninsa a kai. Faks ɗin da ya turo mana bayan mako guda har yanzu ina iya karanto shi. Wai layi har bakin titi, kowa Tela. Wai wasu iyayen ma cewa suke a danna wa yaro sunansa na yanka, har harafin A da na U sun ƙare, Abubakar da Usman sun cinye su. Dubu takwas ɗin nan kafin jajibirin Sallah babu ko ɗaya. Na Guduma kuwa, fiye da rabi suna nan a kwali.

Mako guda bayan Sallah Alhaji ya iso, don ya ba da oda kafin masana'antu su rufe hutun sabuwar shekararsu. Ya hau benen nan yana haki yana fara'a, ya zauna a kujerata, ya ce in kawo fasfona. Na miƙa masa. Ya ajiye a tebur ya ɗora hannu a kai. Ya ce zaɓen Guduma wauta ce, da don ita ce kaɗai da tuni ina Kwari, amma mutumin da kansa ya kawo dabarar injin nan ba a mayar da shi ninke atamfa. Baba Seidu na tsugune a gefe yana zuba masa shayi. Abin da ya rage min kawai in ce na gode. Wata uku ina kwana ina tashi da dattijon nan a ɗaki ɗaya, yana raba min tuwon da ya tuƙa da garin masara, bai taɓa ko da wasa ya tuna min abin da na faɗa a waya ba. Da ya yi min gori ko sau ɗaya, ina jin da na iya yin shiru. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dabarar ba tawa ba ce. Ta Baba ce. Ya faɗa min tun kafin in sa hannu, na ƙi, don ina tsoron kar a ga ba ni da amfani. Ranar da na kira ka ma ƙarya na yi maka."

Fara'ar Alhaji ta ɗauke. Ya juya ya tambayi Baba ko haka ne. Baba ya ce haka ne, amma sunayen ni na rubuta, shi ko biyar bai san yadda ake rubuta su ba. Alhaji ya ce wato wanda ya turo don ƙwallo ya kasa, wanda ya ajiye don lodi shi ne kocin, shekara huɗu bai sani ba. Ya ɗauki fasfona ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya ce a tashi a tafi masana'anta.

Kwana biyu bai ce min ci kanka ba. Ina bin su a baya da jakar samfur. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa 'yan majalisa, na ce ko in ce sanyi ne bai karɓe ni ba. Rana ta uku da safe ya zaro fasfon, bai ba ni ba, ya miƙa wa Baba Seidu. Ya ce shi aka yi wa laifi, shi zai yanke. In yana son aiki da ni ya kai a sabunta, in ba ya so tikitin komawata na nan a jaka. Ya ƙara da cewa ko na zauna ko na tafi, ya taho min da dozin ɗaya na rigar Guduma, ita zan riƙa sawa har ta yage.

Baba ya juya fasfon a hannunsa, ya buɗe ya kalli hotona, ya ce kai, wannan kunnuwa. Ya sa a aljihu, ya ce in sa takalmi kar a rufe ofishin biza. Muna sauka daga bene na kasa haƙuri na ce Baba me ya sa. Bai ko tsaya ba.

"Koci ba ya korar ɗan wasa don ya ɓarar da ƙwallo, ɗana. Wanda ake kora shi ne wanda ya ɓarar ya ce ba shi ba ne. Kai ka ce kai ne. Kuma gwiwata ta gaji da benen nan, ina son mai ɗaukar min kwali."

Shekara tara muka yi tare bayan nan kafin ya koma Kumasi, kuma ban sake sa hannu a oda ba sai ya gani, ko bayan da Alhaji ya ce ba sai na nuna ba. Abin da na ɗauka game da sana'ar nan shi ne, kaya a hankali suke tafiya, ran mai saye kuwa mako guda ya ishe shi ya juya, don haka duk odar da ba ka bar wa kanka hanyar gyara a cikinta ba caca ka yi, ko da ka ci. Game da mutanenta kuma, wanda ya fi kowa sani a ofis sau da yawa shi ne wanda ba a taɓa tambaya ba. Wasunku na mamakin yadda nake faɗa kamar zan cinye mutum, amma duk wanda ya shigo ya faɗi kuskurensa da bakinsa ban taɓa sallamarsa ba. Ba haƙuri ne da ni ba, kun san halina. Ni ma haka aka yi min.